Baƙin Ruwa a Tankin Motar Alhaji Garba

Har kwanan gobe ban manta da ranar da aka jawo mini motar Alhaji Garba daga Bunguɗu ba. Wata Asabar ce, saura 'yan watanni Babbar Sallah. A lokacin ban daɗe da ajiye aikin gwamnati ba, inda na kai matsayin babban makanike, na dawo na buɗe wannan garejin namu na Tudun Wada a nan Gusau. Ku yarana masu koyon aiki, da in mota ta yi tari sai ku jona mata kwamfuta, ba ku san irinta ba. Fara ce, doguwa, ƙarfe zalla, irin wadda muka koyi aiki a kanta tun muna samari. Da na gan ta a bayan igiya sai da zuciyata ta yi sanyi, kamar na ga abokin ƙuruciya.

Wanda ya kawo ta ɗansa ne, Bashir, malamin asibiti. Shi ya ba ni labarin uban. Alhaji Garba ɗan kasuwar hatsi ne. Shekarar nan da aka rufe layukan waya a Zamfara, ya tafi Bilbis sayen wake bai dawo ba. Aka tsinci motar tsakanin Tsafe da Gusau, ƙofofi a buɗe, inji na ta aiki, hularsa a kan kujera. Ba waya, don haka ba wanda ya kira. Da aka buɗe layin ma ba wanda ya kira. Ba gawa, ba kabari. Aka maido motar gida aka ajiye ta a wata rumfa kusa da zaure, ta yi shekaru kaji na ƙwai a ƙarƙashinta.

Yanzu baffannin Bashir sun ce sun gaji. Yara ba sa yarda su bi ta gefenta, mata sun ce suna jin tana ƙwanƙwasawa da rana tsaka. Sun yanke cewa in Sallah ta wuce ba ta tashi ba, 'yan gwangwan za a kira su sassare ta.

Bashir ya ce, "Baba Isa, ita kaɗai tar rage muna. In anka yanka ta, ban san inda za mu tsaya mu tuna da shi ba."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa. Ƙwanƙwasar nan tanki ne, in rana ta dake shi ƙarfen yakan buɗa ya yi ƙara. Na faɗi haka da gadara, domin na san aikina.

Ga waɗanda ba su sani ba, motar da ta daɗe a ajiye ba a fara ta da makulli, da tanki ake farawa. Fetur in ya tsufa yakan yi kauri ya riƙa warin fenti. In kuma ruwa ya shiga, to ruwa ya fi fetur nauyi, sai ya kwanta a ƙasa ya yi ta cin ƙarfe. Na kwance tankin, na tsiyaye abin da ke ciki a cikin farar kwalba kamar yadda aka koya mana, don ka ga abin da kake faɗa da shi. Fetur ya hau sama, ja kamar shayi. A ƙasa kuwa ruwa ne, kuma ba kaɗan ba. Abin da ya tsaya mini shi ne launinsa. Ruwan tsatsa ja ne, kowa ya sani. Wannan baƙi ne ƙirin. Na ɗaga kwalbar na duba, na ce datti ne, na tuttular da sauran a kwatar nan ta bayan gareji inda muke zubar da baƙin mai.

Daga nan sai aikin da kuka tsana. Muka zuba tsakuwa da kananzir a cikin tankin, muka toshe bakin, ni da Ɗanjuma mai walda muka kama gefe-gefe muka yi ta girgiza har kafaɗa ta ƙage. A zubar, a sake. Tsatsa ta riƙa fita ɓawo-ɓawo. Muka ɗauraye, muka shanya a rana ya bushe ƙarau. Na hure bututun mai da iska, na canja filta, na wanke kafireta, na sa sabbin fulogi da batir. Murɗawa biyu ta kama. Bashir ya juya baya yana share ido, ya ce haka muryarta take tun yana yaro. Da kansa ya tuƙa ta zuwa Bunguɗu.

Ba a yi wata ba ya kira ni, ta ƙi tashi. Na hau babur na je na kwance bututun, sai ga baƙin ruwan nan yana ɗiga. Raina ya ɓaci. Na yi masa faɗa sosai, na ce ya daina sayen man bumburutu a bakin titi. Ya rantse a gidan mai yake sha. Na duba murfin tanki, robarsa lafiya lau. Rumfar ba ta yoyo, kuma ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba tukuna. Na tsiyaye, na wanke, ta tashi. Ina haɗa kayana na lura da wata tsohuwa zaune a bakin zaure da carbi, tana kallona ba ta ko ƙiftawa. Bashir ya ce Inna ce, mahaifiyar Alhaji. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a taƙaice, idonta na kan motar.

Bayan 'yan makonni Bashir ya roƙe ni in raka shi Tsafe ɗaurin aure, don in ji yadda take a doguwar hanya. Zuwa lafiya lau. Muka juyo bayan la'asar, saboda duk mai hankali ya san ba a barin yamma ta yi wa mutum a wannan hanyar. Mun baro gari, mun gangara wani kwari mai ƙaramar gada, sai ta yi tari sau ɗaya ta mutu. Ta gangara a hankali ta tsaya da kanta a gindin wata tsamiya.

Ba mota gaba, ba mota baya. Gonaki ne hagu da dama waɗanda aka daina nomawa, ciyawa ta cinye kunyoyin. Ko kukan tsuntsu babu. Na juya zan ce wa Bashir ya buɗe bonet, sai na ga ya ƙura wa tsamiyar ido.

Ya ce, "Baba Isa, nan ne. Nan anka tsince ta. Gindin iccen ga."

Yana rufe baki tankin ya yi ƙara daga baya, ƙwam, kamar an buga ƙofa. Ni ne na ce masa zafin rana ke sa haka, amma wallahi a lokacin ni ma sai da na waiwaya. Na san dalili a ilmance: gangara ce ta turo ruwan zuwa bakin bututu. Amma gangara nawa muka wuce tun safe? Har yau ban da amsar wannan, kuma kada wani a cikinku ya ce zai ba ni.

Allah ya sa ba na tafiya ba galan ɗin mai da tiyo. Na cire bututun tanki, na jona galan kai tsaye da famfon mai, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Ta tashi. Ba mu sake tsayawa ba har muka shigo Gusau.

Washegari Ɗanjuma ya ce shi ya cire hannunsa. "Mai motag ga bai son a taɓa ta. Ka mai da masu abinsu." Ni ma ban yi barcin kirki ba. Amma taurin kaina ya fi tsorona, kun san ni. Na sake tsiyaye ruwan a kwalba, na zauna a inuwa na sa shi gaba. Na ɗiga a bayan hannu, da ya bushe sai ya yi ɗanko yana ƙyalli. Na shinshina, ƙarƙashin warin fetur akwai ƙauri irin na hayaƙi. Sai na yi abin da nake hana ku, na ɗanɗana. Take bakina ya gane kafin kaina. Ɗanɗanon ƙaro ne da tawada. Duk wanda uwarsa ta taɓa ba shi rubutu ya sha, ba ya manta shi.

Na dubi kwatar da na yi ta tuttula shi a cikinta, na yi istigfari ba adadi. Na sa aka kwashe ƙasar wurin aka kai bayan gari aka binne.

Na kira Bashir na tambaye shi wa ke karɓar rubutu a gidansu. Ya ce Inna, duk Alhamis, tun ɓatan Alhaji. Wani malami ne ke yi mata na kiranye, wato na kiran wanda ya yi nisa ya dawo gida. Su a saninsu sha take yi. Na ce ya mai da motar gida, kada ya ce komai.

Ranar Juma'a da hantsi, maza sun fita, na isa Bunguɗu na tsaya a bakin zaure. Ba a jima ba ta fito tana dogara sanda, da kwanon sha a rufe da faifai da ɗan mazurari. Ta murɗe murfin tankin da gefen zanenta, ta zuba a hankali don kada ɗigo ya faɗi ƙasa. Sannan ta dafa motar tana yi mata magana ƙasa-ƙasa, yadda ake lallashin jaki mai gardama. Na yi sallama. Ba ta firgita ba.

Na ce, "Inna, ruwan ga shi ka kashe motar."

Ta ce, "Malam ya ce in sha. To ni ina za ni? Ni ina nan zaune, ban ɓace ba. Shi ad da shan, kuma ba shi nan. Ita tak kai shi, ita tas san wurin. Ba ta nan taka sha ba?" Ta nuna bakin tankin.

Na ajiye bayanin ruwa da fetur gefe. Na faɗa mata abin da baffanni suka yanke, don ashe ba wanda ya gaya mata. Ta ce, "In sunka yanka ta, wa ka zuwa ɗauko min Garba?"

Da Bashir ya ji, ya fusata. Ya ce jahilci ne, saura kaɗan ta sa a kwashe mu a daji, zai sa wa murfin kwaɗo. Na ce ya sa, amma ya sani ranar da ya kulle wannan murfin ya kulle tsohuwar nan da ranta. In kuma aka bar ta, mota ta mutu, 'yan gwangwan su zo. Na ce ya ba ni kwana biyu.

Ga abin da muka yi. Muka sauke tankin muka cika shi da ruwa fal, domin ba a kai wuta kusa da tankin mai sai an yi haka, in ba ka so a tsinci kanka can unguwar Damba. Ɗanjuma, bayan na ba shi labari, shi ya fi kowa zaƙewa. Ya yanke wuyan tankin ya toshe, ya fitar da sabon baki ta cikin but, a nan za a riƙa zuba mai. Tsohon bakin na waje kuwa na jona masa tiyo zuwa wani sabon galan mai tsabta da na ɗaure a lungun but. Ban ɓoye wa Inna ba. Na buɗe na nuna mata, na ce ga randar motar, abin da ta zuba a nan zai zauna.

Ta ce, "Tana tahiya da shi?"

Na ce, "Duk inda ta sa ƙafa, Inna."

Ta ce, "To, Allah shi yi ma albarka."

Sallah ta zo, motar ta kai baffannin Idi, maganar 'yan gwangwan ta mutu. Duk wata Bashir yakan biyo ta nan, in kwance galan in juye a gindin dogonyaron can, inda ba a takawa. Yana yi yana tsaki, yana cewa don ni kawai yake wannan wahala.

Bara da damina Inna ta rasu. Na je gaisuwa. Bayan an yi arba'in da 'yan makonni Bashir ya kawo motar juyen baƙin mai, na ce bari in cire galan ɗin nan tunda aikinsa ya ƙare, don ni da hannuna na juye shi bayan rasuwarta. Na sa hannu in ɗaga, na ji shi da nauyi. Na buɗe. Baƙin ruwa ne, sabo, ƙaurin ƙaro na tashi. Na ɗago na dubi Bashir, shi kuma ya sunkuyar da kai.

Ya ce, "Na tai wurin malamin in ce mai ya bari, ta rasu. Kahin in yi magana ya miƙo min kwanon. Baba Isa, na kasa. In na bari, shi ke nan babu mai kiran shi." Ya dafa galan ɗin. "Kak ka cire."

Na mai da murfin na ɗaure galan da kyau.

Shi ya sa nake matsa muku da farar kwalba. Duk abin da kuka tsiyayo daga tanki, ku dube shi kafin ku zubar, domin bai shiga da kansa ba, wani ne ya zuba, kuma yana da dalilinsa. Tsatsa ba ta da wuya, tsakuwa da kananzir sun ishe ta. Masu motar su ne aikin. Gobe in kun ga farar motar nan ta shigo, ku yi mata duk abin da ya kamata, amma galan ɗin cikin but ku bar mini, ni zan juye.