Jan Hatimi a Takardar Baba Habu

Ni ɗan makaranta ne kafin in lalace. Karatu ya kai ni Guangzhou ina saurayi mai kunya, wanda ko canjin wani ba ya iya riƙewa. Abu ɗaya Allah ya ba ni, Sinanci ya zauna a bakina da wuri, har ina karanta rubutunsu.

A Xiaobei, unguwar da 'yan kasuwarmu suke, wannan ba ƙaramin jari ba ne. A lokacin aka fito da dokar cewa duk ma'aikacin da samunsa na shekara ya kai wani mizani, ɗan ƙasa ko baƙo, sai ya cika fom ɗin haraji ya kai ofis. Mutanenmu kuwa fom ɗin a wurinsu tafiyar tururuwa ce a kan takarda. Sai suka riƙa kawo mini. In cika, in biya, in dawo musu da rasit mai jan hatimi, su ba ni na shayi.

Da ɗan ƙari na fara. Babu wanda ya tambaya. Sannu a hankali na lura ba sa duba komai sai jan hatimin nan, da sun gan shi magana ta ƙare. Na sami wani mai sassaƙa hatimi a wani lungu, ya yi mini nawa. Daga ranar ban ƙara taka ofishin haraji ba. Ba zan ce zuciyata ta dame ni ba, barci nake yi har da munshari.

Cikin masu ba ni takardunsu akwai Baba Habu, wani dattijo Bakano mai aiki a kamfanin jigilar kaya. A ɗakinsa nake buɗa baki duk azumi, ɗana yake ce mini. Ya taɓa gaya mini haƙƙi haƙƙi ne, ko na gwamnatin da ba ta salla. Shekara biyu ina cin nasa.

Da lokacin sabunta takardar zamansa ya yi, aka nemi shaidar biyan haraji daga ofis. Ya ce in raka shi in yi masa tafinta. Da na ga dama sai in ce ba ni da lafiya, amma na bi shi, har yau ban san dalili ba. Ma'aikaciyar ta karɓi rasit ɗin, ta danna kwamfuta, ta sake dannawa, ta ce, “Meyo.”

Ma'anarta babu. Duk Bahaushen da ya taɓa shiga shago a garin nan ya san ta. Na fara ce masa wai na'urarsu ce ta sami matsala. Ya dafa hannuna.

“Ɗana, wannan kalmar ba ta buƙatar tafinta.”

Aka tsare mu tare. Shi ya rasa aikinsa, aka kore shi daga ƙasar. Ni aka ɗaure ni shekara uku. Ba ni da labarin gidan yari mai yawa. Ana tashin mu, mu yi ɗinki, mu ci shinkafa, mu kwanta. Ban yi kuka ba, ban ji komai ba, kamar an cire mini wani abu a ƙirji.

Da aka sake ni aka maido ni gida, na tuba, na nemi Baba Habu. Na same shi a wata 'yar rumfa yana sayar da igiya da kwali. Ya ba ni ruwa, ya tambayi mahaifiyata. Da na roƙi gafara sai ya ce:

“Nawa na yafe. Amma 'yata Rabi da ta bar karatun jinya saboda na dawo hannu rabbana, nata ba a hannuna yake ba. Ga gidanta can bayan masallaci.”

Samari, ku ji ni. In Allah ya sa ka iya karanta abin da ɗan'uwanka bai iya ba, idonsa ne ya ba ka aro, kada ka tsone shi. In kuma kai ne mai ba da takarda, bi ta har ofis ka ji da kunnenka. Sau huɗu ina zuwa bayan masallacin nan, har yau ban iya yin sallama ba.