Ƙudan Zuman da ke Siton Mahaifiyata

Shekarun baya, bayan rasuwar mahaifina, kula da gidanmu na Gangare ya dawo wuyana, duk da cewa ni da iyalina muna zaune a wata unguwa. A bayan gidan akwai ɗan sito na katako da langa-langa inda mahaifiyata ke ajiye masara da wake da acca. Siton ya tsufa. Katakon ya bubbuɗe, kyankyasai da tururuwa suna shiga yadda suka ga dama, gara kuma ta fara cin ƙofar.

Wata Asabar na biya kasuwar Taminus na sayo siminti da gam da ragar waya, na roƙi garin katako a wurin kafintoci. Ni da ko ƙusa ban iya bugawa a miƙe ba, sai ga ni da guduma ina ɗaga kafaɗa. Na kwaɓa garin katakon da gam na bi tsagogin ina liƙewa, ƙasan bangon na shafe da siminti. Aikin bai yi kyau ba, amma ya toshe.

Da na zagaya ta baya na hau tsani sai na ji ƙugi. A ƙarƙashin kwano akwai wata kafa, ƙudan zuma na shige da fice. Na sauko daga tsani da saurin da ban san ina da shi ba.

Mahaifiyata na zaune a tabarma tana tsince wake. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Wannan kafar ka bar ta. Babanku ya san da su, shi ya ce kada a taɓa su."

Na bar ta. Ba a jima ba na kawo yara gaisuwa, zuma ta harbi ƙaramar 'yata a gefen ido. Fuskar ta kumbura har idon ya rufe, sai da muka kai ta asibiti. Ta warke, amma matata ta ce min cikin natsuwa, "Ina ganin girman Hajiya, amma yarana ba za su koma gidan nan ba sai an san yadda aka yi da zumar nan."

Na rasa wadda zan ba haƙuri. Feshin magani zai gama da su cikin yini guda, sai dai na san mahaifiyata ba za ta manta ba. Ina cikin wannan tunani na tuna da wani abokina da muka yi makaranta tare, wanda ke kiwon zuma a wajen Vom. Da na faɗa masa ya yi dariya ya ce, "Oga, ba a kashe su. Ƙaura za mu yi musu."

Ya zo da yamma da akwatin amya da gwangwanin hayaƙi. Kafin ya taɓa komai sai da ya durƙusa ya gaida mahaifiyata, ya ce, "Mama, gona zan kai su, akwai furanni da ruwa."

Ta dube shi ta ce, "Za su saba da can?"

"Idan uwarsu ta shiga akwatin, duk za su bi ta."

Ta gyaɗa kai. Ya cire katako biyu, ya kwashe saƙar a hankali, ni kuwa ina can bakin zaure ina ba da shawarar da ba wanda ya nema. Washegari na sa raga a kafar na liƙe gefenta. Mahaifiyata ta tsaya a bayana har na gama, ta ce, "Gidan ya yi shiru."

A nan na fahimci abin da ban lura da shi ba. Mu duk mun watse, mijinta ya tafi, ƙugin nan ne kaɗai motsin da ya rage mata a bayan gida idan ta zauna da hantsi. Ni ina ta lissafin ƙwarin da ke shiga sito, ban taɓa tambayarta yadda take yini ba.

Daga makon nan na riƙa kai mata yaran duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, su yini suna ɓarna. Takan yi ta faɗa cewa sun hana ta sakat. Amma ranar da muka makara, a bakin ƙofa muke samunta tsaye.