Malam Riskuwa Dankure, mai mutuwar Laraba

Kafin rana ta fito Malam Riskuwa Dankure ya riga ya jingine kekensa a gidan ruwan Argungu, can bakin gulbi. Yakan kewaya injunan nan biyu, babba da ƙarami, ya dafa kowanne ya ji ɗumin jikinsa, ya leƙa tankin alif mai kwantar da dattin ruwa, sannan ya sha kokonsa a tsaye. Haka yake tun da aka ɗauke shi aiki a Birnin Kebbi, har ya zama shugaban wannan wuri. Ƙarshen watan nan zai yi ritaya, kuma gara a faɗi alherinsa yana ji da kunnensa.

Sai dai Malam yana da wani hali. Duk ranar Laraba mutuwa yake yi. Zai shimfiɗa tabarma a inuwar dogon yaro, ya kife hula a fuska, ya ce, "Yau ruwa ya ci babban inji, ni ko na mutu. Mi za ku yi?" Daga nan ko sifana ka tambaye shi ba ya tankawa. Dole Tamba makanike ya koyi auna maganin ruwa, Kalilu maigadi ya koyi tayar da inji. Da damina kuwa har kwance ƙaramin injin suke yi, su ɗora shi kan jiragen masunta biyu da aka ɗaure gefe da gefe, su kai shi tudun da Malam ya sa aka yi wa dandamalin siminti da bakin bututu, su haɗa, su sake dawo da shi. Masunta na dariya, Tamba na gunaguni: "Ku dubi gawa, ga ta can tana korar ƙuda."

Matarsa Kulsumi ba ta son wannan wasa ko kaɗan. "Malam, ka bar kiran mutuwa da bakinka."

"Ko ban kira ta ba tana tahe," in ji shi. "So nike ta iske ruwa na zuba."

Daminar bara waccan ya tafi Birnin Kebbi karɓo alif da magani. Yana can ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Gulbin Rima ya cika ya batse, shinkafar Zauro ta nutse, kwalbati ya karye a hanyar Argungu, wayar tarho ta mutu. Labari ya iso cewa ambaliya ta shiga rijiyoyi, kuma an fara kawo masu amai da gudawa asibiti. Malam ya san in famfo ya tsaya, ruwan gulbi gari zai sha.

Direbobin da suka maƙale tare da shi sun ce kwanakin nan bai ci abin kirki ba. Yana tsaye bakin karyayyen kwalbati yana kallon ƙetare, tsoro ya cika shi. Mutuwar wasa daban ce, domin a kan tabarma yana jin komai, ko da bai yi magana ba.

Da ruwa ya ɗan ja baya aka ƙetarar da shi a jirgi, shi da buhunansa. Ya isa gidan ruwa da hantsi ya tarar ɗakin inji ya nutse har taga. Can sai ya jiyo ƙarar ƙaramin inji daga tudu. Ya hau, ya ga Tamba yana zuba magani, Kalilu kuma hannu duk baƙin mai.

Kalilu ya ce, "Sannu da hanya, Malam. Da munka ga ba ka nan, sai munka ce yau Laraba ta."

Malam ya zauna a kan siminti ya yi kuka, bai ɓoye ba. Malama Sadatu, ma'aikaciyar jinya a asibitin, ta shaida cewa wuni guda kawai famfonsu ya yi shiru.

Malam Riskuwa, kai ne shugaban da bai sa makulli a aljihu ya tafi da shi gida ba. Kai ne ka yarda a yi maka dariya a rani domin a sha ruwa mai tsabta a damina. Dattijon bakin gulbi, mun gode, Allah Ya saka maka da alheri, Ya sa mutuwar gaskiyar ta yi nisa.

Ku kuma shugabannin ofisoshinmu, daga nan har Sakkwato, kowa ya tambayi kansa: in gobe hanya ta yanke ina ƙetare, wa ya san abin yi? Ku zaɓi ranarku, ku shimfiɗa tabarma ku yi shiru.

Ran ɗaya ga wata, Malam, za a buɗe famfo a Argungu ruwa ya zubo, ba wanda zai lura ka tafi. Abin da ka yi shekaru kana nema ke nan.