Kaset ɗin Maigidana da Sifikun Aurena

Duk abin da zan manta a rayuwar aurena, ban da yammacin da sifikuna suka ƙone.

Ina amarya a wani ƙauye kusa da Bunkure, kaina cike da littattafan soyayya da nake haya a kasuwar Kura. Maigidana manomin shinkafa ne, mutumin kirki, amma kalmar so ba ta fita daga bakinsa. Kullum ina yi masa mita, har na fara zaton auren haƙuri muke yi.

Ashe abin yana cinsa. Ya tafi bakin kanal shi kaɗai, ya naɗi kalamansa a kaset, tunda ba zai iya faɗa ido da ido ba. Sai ya ga rediyona ba ta da amo, ya sayo ƙatuwar amfilifaya irin ta gidan kallo, ya jona ta da 'yan sifikun da aka jera mini a kayan ɗaki.

"Maigida, ba ta yi musu girma ba?"

"Babban inji ai shi ke cika fangalin shinkafa da ruwa da wuri," in ji shi. Lissafin ban-ruwa ya yi, bawan Allah.

Bayan la'asar aka kawo wuta. Ya sa kaset ɗin, ya murɗa ƙara har ƙarshe. Muryarsa ta cika gidan: "Hasken idona, tun ranar da..." Sai ƙarar tsagewa, sai shiru, sai ƙauri.

Ƙanwarsa ta leƙo daga tsakar gida. "Yaya, tun ranar da me? Inna ma tana jira!"

Ya zauna bakin gado ya sunkuyar da kai, gumi na ɗiga. Tausayinsa ya kama ni. Na saki labule, na durƙusa kusa da shi.

"Ƙarasa mini, ni kaɗai."

Ya ƙarasa, a hankali, yana in'ina. Ban taɓa karanta abin da ya kai shi daɗi ba.

Daga baya mai gyara ya nuna mana cewa a bayan kowace sifika an rubuta ƙarfin da za ta iya ɗauka, kuma da shi ake auna amfilifaya kafin a saya. Ni kuwa na koyi cewa mutum ma haka yake: ka san iyakar abin da zai iya, kada ka ɗora masa fiye da nan. Ni ma na daina neman jarumin littafi a jikin mijina.