Maganar da Yaya Hamisu ya bar mana a kan difloma

A watan nan Yaya Hamisu ya cika shekara bakwai da rasuwa. Na saba duk shekara in dafa abincin sadaka, in yi masa addu'a, in koma harkokina. Bana abin ya ƙi. Na dafa, na raba, na yi addu'ar, amma zama ya gagare ni, domin wata magana da ya faɗa a gadon asibiti ta taso mana, kuma karatun ɗansa Nasiru ne ke neman salwanta a kanta.

Yayana ne ciki ɗaya, shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba. Da ya gama sakandare babu mai ɗaukar nauyinsa zuwa jami'a, sai ya shiga kwalejin fasaha, ya yi ƙaramar difloma, ya yi babba, a fannin gine-gine. Da ita ya samu aiki a wata ma'aikatar tarayya, ya kwaso mu zuwa Abuja, muka zauna a Dutse Alhaji. Sai ga mulkin farar hula ya dawo, gari ya buɗe. Duk inda ka duba rami ake haƙawa ko bene ake ɗorawa, kowa na hawa, Yaya na tsaye cik. A wajen aikinsu akwai matakin da mai difloma ba ya wucewa, ko da aikin mutum goma yake yi. Ya kai matakin ya zauna, yaran da suka zo bautar ƙasa a gabansa suka riƙa wuce shi da digirinsu.

Ba albashin ne ya fi ƙona masa rai ba, tashi tsayen ne. Al'adar ofis ce idan oga ya shigo a miƙe. Ɗaya daga cikin yaran nan ya zama mataimakin darakta, yaro mai ladabi, har yakan ce, "Haba Baba Hamisu, don Allah ka zauna." Yaya ba ya zama. Sai ya miƙe ƙyam kamar soja, ya dawo gida yana cewa gwiwa ta matsa masa. Matarsa, Anti Rabi, ta yi ta kawo man zafi. Ni kuwa na san ba gwiwa ba ce.

Shi ya sa muka yi faɗa da na ce zan tafi kwalejin horar da malamai. Na gaji da jiran jami'a, na gaji da wanke-wanke da kallon bango. Ya ce in na tafi na kashe kaina da kaina. Na tafi. Ya daina yi min magana, amma bai daina aiko min da garin kwaki da sukari ta hannun Anti Rabi ba, wai kada ta ce daga gare shi ne. Da na gama, na shiga jami'a daga aji biyu, na fito da digirina, ga ni yau ina koyarwa a sakandare. Ranar bikin yaye mu ya zo da babbar riga, ya fi kowa washe baki a hoto. Muna hanyar komawa gida ya ce, "Sa'a kika yi, ba dabara ba ce." Haka Yaya yake, ko ka kayar da shi sai ya ce santsi ne.

Ina tsaye a bakin gadonsa na asibiti lokacin da ya kira Anti Rabi ya ce, "Ko zai shekara goma yana jira, kada yaron nan ya yi difloma. Jami'a kai tsaye." Nasiru na da shekara goma sha uku. Muka ce to. Wa zai yi gardama da mara lafiya?

Yanzu Nasiru ya zana jarabawar shiga jami'a sau uku. Yana ci, gurbin ne babu, kuma mu ba mu san kowa ba. Bara ya fara bin wani maƙwabcinmu mai sayar da tayil na daɓen ɗaki a kasuwar Dei-Dei, wai don rage zaman banza. Daga tsaron shago ya koma raka manyan motoci kai kaya. Littattafansa na cikin kwali a ƙarƙashin gado. Sai ga wata kwalejin fasaha a jihar da ke maƙwabtaka da mu ta ba shi gurbi, kuma a makon nan ake rufe rajista. Uwarsa ta ce wallahi ba za ta taka maganar mamaci ba.

Na yi ta tambayar kaina, da Yaya zai leƙo yau, me zai ce? Zai ga Abujar da ya bari ta ninka kanta, zai ga jami'o'in kuɗi sun tsiro ko'ina, waɗanda irinmu sai dai kallo daga titi. Zai ga masu digiri a ƙarƙashin lema suna sayar da katin waya. Amma ba zan yi masa ƙarya ba, zai kuma ga shingen nan na ma'aikata yana nan, ana ta cewa za a cire, ban ga ranar ba. Bai yi kuskure a abin da ya gani ba. Abin da bai gani ba shi ne abin da jira ke yi wa yaro. Shi bai taɓa jira ba, ni na jira, na san yadda zuciya ke fita daga karatu a hankali ba tare da ta yi sallama ba.

Na kai Anti Rabi wajen limamin unguwarmu. Ya ce wannan shawarar uba ce, ba wasiyyar da ke ɗaure mutum ba. Muna fitowa ta ce, "Malam bai ga idonsa ba lokacin da yake faɗa." Ni kuwa na gani.

Shekaranjiya na same ta tana tsintar shinkafa, na ce, "Anti, ɗora min alhakin. Ranar da muka haɗu da Yaya ni zan amsa." Ta ture shinkafar gefe. Can ta share ido da bakin mayafi ta ce, "To, Goggon yara, ke kika ɗauka."

Nan take na kira Nasiru a waya. Suna Abaji, a hanyar Lokoja, ina jin ƙugin mota a bayansa. Na ce ya dawo, an amince. Ya ce, "Goggo, sai yanzu? Shekara uku kuna ce min in jira. Oga ya ce zai buɗe min shago bayan Sallah. Bari in sauke kaya, zan yi tunani."

Yaya bai bar mana gida ba, bai bar fili ba, a garin da ya ƙarar da ƙarfinsa wajen gina wa wasu. Ya bar min karatun da nake ci da shi, ko da yake da faɗa aka yi shi. Ya bar mace mai riƙe alkawari har ya zame mata ciwo. Ya kuma bar ɗa mai irin zuciyarsa, wanda in ya kafe babu mai tanƙwara shi, kuma wannan ne ke tsorata ni. Ina kewarsa, ina kuma jin haushinsa, kuma ban san wanne ya fi yawa ba.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya haskaka makwancinka, ya yafe min saɓa maka da na yi karo na biyu. Ranar Juma'a ake rufe rajista, kuma har na ajiye alƙalamin nan ɗanka bai kira ba.