Layukan da Anti Tukuna ta hana a goge

A ofishin binciken da ke bayan asibitin, ba wanda ke kiranta da sunanta. Anti Tukuna ake ce mata, domin duk wanda ya kawo mata sakamako yana rawar jiki, kalmar da zai fara ji ke nan. Aikinta ƙididdigar lafiya: likitoci da nas-nas su tattaro awon marasa lafiya, ita kuma ta zauna da masu koyo, kujera kusa da kujera, su gano abin da alƙaluman ke faɗi. Da awon jarirai ta fara, a kan sikeli mai ƙugiya, sai da ta yaye autanta sannan ta koma makaranta. Mijinta, tsohon makaniki, yakan ce ko shayi ya yaba sai ta tambaye shi da wanne ya gwada.

Tana da wata ƙa'ida da ke ci wa masu koyo rai. Ba ta yarda a goge layin mara lafiya daga kwamfuta don kawai an bar gurbin awonsa babu komai. Mai son gogewa sai ya fara zuwa ya ga inda ake yin awon da idonsa.

A shekarar nan aka ba ta Dogo, wani mai haɗa magani da ya zo koyon aiki, ga kaifin kai ga gaggawa. Binciken na masu hawan jini ne, ana son a ga ko kiran waya na tuna shan magani yana sauko da jininsu. Dogo ya share layukan da ba su da awo, ya buga lissafi, sakamako ya fito tas, kusan kowa jininsa ya sauka. Babban likita ya yi murna, ya ce a gaggauta rahoto, kuma sunan Dogo ne zai zo a gaba. Rahotonsa na farko ke nan a duniya, har ya riga ya buga wa mahaifiyarsa waya.

Anti ta duba, ta ga layukan sun ragu. Dogo ya rantse mata waɗanda ya goge ba su da yawa, kuma haka littattafai suka yarda a yi. Ita ma ba ta san me ya hana awon ba, abin da ya dame ta ke nan. Tausayinsa ya kama ta ƙwarai, amma ta ɗauki jakarta ta ce ya biyo ta.

Suka zauna a benci a ɗakin awo, yana ta kaɗa ƙafa. Can aka kira wata mata mai jiki, ta zauna tana haki. Nas ta naɗa mata abin awo a dantse, ya ƙi haɗuwa. Ta ja, ta sake ja, ya ɓalle. Sai ta ba ta haƙuri, ta bar gurbin, ta kira na gaba. Nas ɗin ta ce ta gaji da roƙon a kawo babba, ƙarami kaɗai gare su.

Ƙafar Dogo ta daina kaɗawa. Duk waɗanda ya goge masu ƙiba ne, waɗanda ciwon ya fi yi wa barazana.

"Anti, in na faɗa, rahoton ya rushe," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Na sani, ɗana. Amma ba ni zan faɗa ba."

Shi ya faɗa, tsaye a gaban babban likita. Likita ya ɓata rai, aka jingine rahoton, aka aika neman babban abin awo. Anti tana gefe tana goge tabarau, zuciyarta cike da alfahari.

Ranar da abin ya iso, Dogo da kansa ya buga wa matar nan mai jiki waya. Da ta zo aka naɗa mata, ya zauna daidai. Nas ta kalli na'urar, ta sake aunawa, sannan ta fita da sauri kiran likita. Matar ta bi fuskokinsu da kallo.

"Ai watanni ina zuwa," ta ce. "Da na ga ba a ce komai ba, na ɗauka lafiyata ƙalau."