Yatsan da Yaya Bukar Bai Dangwala Ba

Shekara bakwai ke nan cif tun da muka raka Yaya Bukar makwancinsa, Allah Ya jiƙansa da rahama. Na saba idan wannan lokaci ya zagayo in tara iyali mu yi masa addu'a mu watse, ba tare da na dami masu karatu ba. Bana dole ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin a makon jiya na ga sunansa a inda mamaci ba shi da hanyar zuwa.

Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ni aka kai boko har na yi ritaya ina malamin makaranta. Shi kuwa ya tsaya a karatun allo, ya gaji komar kamun kifi da kwalekwalen mahaifinmu a ƙauyenmu, tsakanin Haɗejiya da Kirikasamma. Rayuwar ƙauyen ta rataya ne a kan tafki guda, tafkin kuma ba shi da mashigar ruwa sai wani ɗan kwari da muke kira Maƙogwaro. Idan kogi ya kawo a ƙarshen damina, ta nan ruwa ke shiga da 'ya'yan karfasa da tarwaɗa, su girma har ranar da Bulama, mai garinmu, zai ba da izinin kamun gayya. Da rani kwarin yakan bushe ƙayau, har jakuna su yi birgima a ciki. Akwai wata tsamiya a bakinsa. Duk shekara, ranar da ruwa ya kai iyakarsa, Yaya yakan tuƙa kwalekwale ya je ya sari jikinta da gizago daidai inda ruwan ya tsaya. Haka ya ga mahaifinmu yana yi.

Shekara biyu kafin rasuwarsa wasu mutane suka zo neman fili domin haƙa kududdufan kiwon kifi. Da bazara suka zo, lokacin da ƙasa ta tsattsage. Suka auna, suka kafa turakun siminti, suka tafi. Daga baya na ga rahotonsu: an rubuta fili ne busasshe, ba noma, ba ruwa, ba mai amfani da shi. Ban ce sun yi ƙarya ba. Abin da idonsu ya gani suka rubuta. Abin da nake tambaya har yau shi ne, wa ya zaɓa musu watan zuwa?

An tara mu a ƙofar gidan Bulama. Da yake ni ke rubuta bayanan taron ƙauye, ni masu neman filin suka miƙa wa wata farar takarda, suka ce in rubuta sunan duk wanda ya zo, kowa ya dangwala yatsa. Da na iso kan Yaya sai ya dube ni.

"Sakatare," haka yake tsokanata, "me aka rubuta a saman takardar nan?"

"Ba komai, Yaya. Sunayen mahalarta ne kawai."

"To ai shi ne! Kai da ka yi boko, ba ka tsoron takardar da ba a rubuta kanta ba? Rubuta na zo, tun da na zo. Amma rubuta ban yarda a taɓa Maƙogwaro ba."

Jama'a suka kwashe da dariya, wani ya ce Bukar ko da kifi ma gardama yake yi. Aka miƙa masa tawada, ya sa hannunsa cikin aljihu. Bai taɓa dangwala yatsa a kan wata takarda ba. Idan sa hannu ya kama, da ajami yake rubuta sunansa. Na rubuta ƙin yardarsa a littafina. A takardarsu kuwa sunansa kaɗai na sa, na bar gabansa fari, domin babu gurbin bayani. Wannan kuskurena ne, kuma ban ɗora wa kowa shi ba.

Aka haƙa kududdufan a gefe, aka zagaye su da jinga. Ba na ƙin kiwon kifi. Sana'a ce ta halal, akwai 'yan ƙauyenmu da ke cin abinci a wurin. Amma ina da ido. Jingar ta matse bakin kwarin, ambaliyar da ta rasa hanya ta koma gonakin shinkafa. Koren ruwan da ake zubarwa daga kududdufan a tafki yake ƙarewa, ciyawar kacalla ta samu taki ta rufe rabin gaɓar, makiyaya sun fara kewaye mashayar da shanunsu. Da Yaya yana raye, na san abin da zai yi. Zai ɗebo ruwan a ƙwarya ya ajiye gaban Bulama, ya koma ya zauna.

Yanzu masu wurin sun nemi ƙarin fili, wanda zai haɗiye Maƙogwaro gaba ɗaya. Idan aka amince, tafkin ya gama shan ruwa. Na je ofishin da ke duba buƙatar, na nemi ganin shaidar cewa jama'a sun yarda. Aka nuna mini. Rubutun hannuna ne. Sunayen na jere yadda mutane suka zauna ran nan a ƙofar gidan Bulama, sai dai yanzu an buga a samanta cewa waɗannan su ne suka amince. A gaban sunan Bukar, inda na bari fari, ga yatsa raɗau.

Na tambayi ma'aikacin yatsan wane ne. Ya ce, "Malam, haka aka kawo mana ita." Wataƙila gaskiya ya faɗa. Amma wa ya kawo ta? Wa ya buga kanta, yaushe? Idan an iya samo yardar mutumin da ya shekara bakwai a kabari, yardar wa ta rage da ba za a iya samowa ba? Na shigar da ƙorafi a rubuce, na haɗa da shafin littafina na ranar, na kuma sa an buga mini hatimin karɓa a gabana, domin na koyi darasi.

Yaya bai bar gida mai bene ba, komarsa ma ta ruɓe. Abin da ya bari yana jikin tsamiya: sara bisa sara, nasa a kan na mahaifinmu, mafi ƙasƙancinsu ya fi kan turken simintin da masu awo suka kafa tsayi. Ni da nake taƙama da ajiye takardu, tawa aka sauya wa kai. Tasa ba wanda ya iya. Bana ni na je na yi saran.

Buƙatata ga masu yanke hukunci guda ce: kada su sa hannu sai sun zo sun ga filin a ƙarshen damina. Na sa an toshe ɓarakar kwalekwalen Yaya, yana nan ɗaure. Za su buƙace shi kafin su isa busasshen filinsu.